Sa Na Takwas

A zamanin da, tun Turawa ba su san hanyar ƙasashenmu ba, tun ba su ƙera jirgin da zai ratsa babban teku ba, akwai wani ƙungurmin daji a can arewacin ƙasarsu. Mutum sai ya yi ta tafiya a cikinsa har takalminsa ya mutu bai ga ƙarshensa ba. Mutanenmu da yawa sun ɗauka Bature bai taɓa kwana da yunwa ba. Ina! Kakanninsu sun sha wuya irin wadda ko maƙiyi ba a yi wa fatanta. Ƙasa ce da sanyi ke kashe ciyawa kusan rabin shekara, dusar ƙanƙara ta binne hanya, kogi ya daskare har a bi ta kansa da kaya. Abin da mutum ya zuba a rumbu kafin hunturu, shi ne ransa da na iyalinsa.

A cikin wannan daji aka yi wani maharbi mai suna Hadumar. Dogo ne, mai jan gemu, ba shi da yawan magana. Fataken da ke sayen fatu a hannunsa su suka yi masa kirari, suna cewa: "Hadumar na Irmina, mai kwana inda kyarkeci ya tashi! Baka ɗaya, tukunya goma! Sawunka a ƙanƙara, bushara ga mai jin yunwa!" Shi kuwa ko a jikinsa. In sun gama sai ya miƙa musu fatunsu, ya karɓi gishirinsa, ya koma inda ya fito.

Asalinsa ba ɗan daji ba ne, ɗan manoma ne. Yana ƙarami aka yi wata muguwar shekara a garinsu, hatsi ya ƙare tun hunturu bai raba ba. Mutanen garin suka dubi shanun huɗarsu, suka ce ai ba a mutu da yunwa ga nama a tsaye ba. Suka yanke su ɗaya bayan ɗaya, aka ci aka ƙoshi, har da waƙa. Da ƙanƙara ta narke sai ga gona, ga iri, babu abin jan garma. Suka tono abin da suka iya da hannu, suka girbe abin da bai kai ya kawo ba, hunturu na biyu ya zo ya share garin. Wata tsohuwar maharbiya, Irmina, ita ta tsince shi a kufai, zaune a bakin ƙofar gidansu, yana jiran uwar da ba za ta tashi ba. Ta goya shi ta shiga daji da shi, ta koya masa baka da tarko da karanta sawu. Kafin ta rasu ta kai shi wani kwari a tsakanin duwatsu, inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ciyawa ba ta mutuwa ko a tsakiyar sanyi. Nan shanun dawa ke cin hunturunsu. Ta sa shi ya rantse ba zai ɗana kibiya a wurin ba, ba kuma zai nuna wa kowa hanyarsa ba.

Ana nan, Hadumar ya fara furfura, sai ga baƙi sun iso bakin kogi da keken shanu da mata da yara. Daga kudu suka fito, inda gonaki suka yi wa mutane kaɗan. Wani mai sarauta ne ya ce musu su je su sare daji, abin da suka sare nasu ne. Jagoransu sunansa Folkar, ƙaƙƙarfa ne, mai zuciya, mai son jama'arsa, sai dai abin da ya taras ubansa na yi, a nan ya tsaya. Suka sare itatuwa, suka ƙone kututture, suka kafa bukkoki. Hadumar yana laɓe a gefen daji yana kallonsu, ransa bai so ba, domin kowane itace da ya faɗi, namansa ne ke ƙara nisa.

Garmar da suka zo da ita wani ƙugiyar itace ne mai ɗan ƙarfe a baki. A turɓayar kudu tana aiki sarai: a ja ta a miƙe, a dawo a ja ta a gicciye, ƙasa ta yi laushi. Nan kuwa baƙin yumɓu ne, mai nauyi, jiƙaƙƙe, garmar sai dai ta yi masa susa. Ruwa ya kwanta a kan iri, iri ya ruɓe. Ga kuma wata al'ada da suka ɗauko tun daga gida: ba a haɗa san wani da na wani a karkiya ɗaya, wato itacen nan da ake ɗora wa shanu a wuya su ja kaya. Wai in an haɗa, albarkar gonar mai ƙaramin sa za ta bi mai babba. Saboda haka mai shanu biyu ya ja da biyu, mai ɗaya ya lallaɓa da ɗaya, wanda ba shi da ko ɗaya ya duƙa da fartanya. Kowa da ɗan murabba'in gonarsa, kowa da wahalarsa. Girbin farko ya zo a rame. Na biyu ya fi shi ramewa, kuma ruwan da ya yi yawa a shekarar ya ruɓar da ingiricin da suka yanka wa dabbobi.

Hadumar ya ga yaran garin suna tonon saiwa a bakin kogi. Ya san wannan kallon, ya taɓa yin irinsa.

A ƙarshen kaka fatake suka hauro kogi da jiragensu kamar yadda suka saba, ɗauke da gishiri da ƙarfe da tufafin ulu, suna neman fatu da zuma da kakin zuma. Madugunsu ya daɗe da sanin Hadumar. Da suka zauna ciniki, maharbin ya hangi wasu ƙarafa biyu a ƙasan jirgi, ɗaya kamar doguwar wuƙa, ɗaya mai faɗi da kaifi. Ya tambaya.

"Haƙoran garma ne," in ji madugu. "Irin ta mutanen yamma. Wuƙar ta tsaga ƙasa a tsaye, mai faɗin ta yanke ta ta ƙarƙashi, wani allo ya kifar da ita gefe. Yumɓu komai taurinsa sai ya juye, ruwa ya bi kwarin kunya ya tafi. Amma ba taka ba ce, maharbi. A ƙasa irin wannan, shanu takwas ke janta."

Hadumar ya yi lissafi a ransa. Ya san shanun huɗar garin nan kamar yadda ya san yatsunsa, domin kullum yana ganinsu. Takwas ne cif, warwatse a gidaje.

Ya tura wa madugu duk abin da ya tara a shekarar, fatu da zuma da kaki, bai rage ko ƙyalle ba. Madugu ya ce, "Gishirinka fa? Kan kibiyarka fa? Bargon da ka ce in kawo maka fa? Da me za ka shiga sanyi?" Ya ce da tsofaffin zai shiga. Ya sa aka zana masa siffar garmar a ƙasa, ya dube ta har ta zauna masa a kai, ya saɓa ƙarafan ya nufi gari.

Ranar da ya shiga garin, ranar yanka ce. A ƙasar, in hunturu ya kawo kai, akan yanke dabbobin da ba za a iya ciyarwa ba, a shanya naman a hayaƙi. An riga an gama da tumaki da shanun tatsa. Yanzu an jawo shanun huɗa tsakar gari, an yanke shawara a bar biyu a yanka shida. Folkar na wasa wuƙa sai ya ji ƙarfe ya faɗi a gabansa. Ya ɗaga kai ya ga mutumin da suke hangowa a gefen daji shekara biyu, ba su taɓa jin muryarsa ba.

"Mai gari, mayar da wuƙarka," in ji Hadumar.

"Kai wane ne da za ka hana mu abincinmu?"

"Ni ne abin da ya rage daga garin da ya ci shanunsa."

Ya ba su labarin garinsu a taƙaice, bai ƙara gishiri ba. Sannan ya nuna musu ƙarafan, ya faɗi aikinsu, ya ce shanu takwas suke bukata a jere, biyu biyu. Nan fa aka hau surutu. Wani ya ce shi sansa ba zai shiga karkiya da na kowa ba. Wani ya ce to ko an bar su, me za su ci, mu kuma me za mu ci?

"Cikinku da cikin shanun duka ku ɗora a wuyana," in ji maharbin. "Na rantse da wanda ya yi ni, muddin ina numfashi tukunyar garin nan ba za ta bushe ba. Ku dai ku bar mini takwas ɗin nan da rai har ƙanƙara ta narke."

Ba wanda ya motsa. Sai wata mace mai suna Gisla, wadda mijinta ya mutu itace ya danne shi wajen saran daji, ta jawo ɗan baƙin santa, shi ke nan abin da ta mallaka a duniya, ta sa igiyar a hannun Hadumar. Ta ce, "Ɗan'uwa, albarkar gonata ba ta kai a yi mata rowa ba. In za ta bi ta wani, ta bi." Kunya ta kama maza. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙo igiyoyinsu. Folkar mai shanu biyu ya ba da ɗaya, ya ce ɗayan zai zauna a gida saboda jan itacen wuta, ɗan ingiricin da ya tsira zai ishe shi. Hadumar bai so ba ko kaɗan, amma ya ga in ya matsa zai rasa duka, sai ya haƙura.

Ya kora shanu bakwai ya shiga daji shi kaɗai. Hanyar da ya ɗauka, hanyar kwarin nan ce da ya rantse wa Irmina. Tafiya yake yi zuciyarsa na suya, yana neman gafarar tsohuwar da ta goya shi. Da ya isa bakin kwarin, tururi na tashi daga ruwa, ciyawa kore shar a tsakiyar farin sanyi, sai babban bajimin shanun dawa ya fito ya tare hanya. An ce tsayinsa ya kai rufin ɗaki, ƙahonsa kuma mutum biyu za su zauna a tsakani. Masu ba da labarin sun haɗu a kan cewa ya yi magana, kuma ni yadda na ji haka nake faɗa.

"Ɗan Irmina, ka san abin da ka koro? Ƙarfen da zai bi bayan waɗannan, shi zai cinye dajin nan, da mu da kai."

"Na sani."

"To don me?"

"Na ga gari ya mutu sau ɗaya. Idona ba zai ɗauki na biyu ba."

Bajimin ya daɗe yana dubansa. Daga bisani ya ce su shiga, shanun dawa za su kewaye su, kyarkeci ba zai taɓa su ba. Amma da sharaɗi: duk ƙasar da mutane suka karɓa daga daji, su raba ta uku, kowace shekara su mayar wa daji kashi ɗaya, a bar shi saura, ciyawa ta fito, dabba ta taka. Hadumar ya ɗauki alkawari a madadin garin. Da ya koma ya faɗa musu sharaɗin, suka amsa, bai dai gaya musu inda shanun suke ba.

Hunturun shekarar nan, tsofaffi sun ce ba a taɓa irinsa ba. Tsuntsu na tashi sai ya faɗo a daskare. Hadumar ya shiga farauta ba ji ba gani, da tsofaffin kibiyoyi da tsohon bargo. Ya kawo barewar ƙasarsu, wadda ta kusa kai jaki girma. Ya kawo zomaye, ya fasa ƙanƙarar kogi ya ciro kifi. In ya ajiye a tsakar gari, Gisla ce ke rabawa gida gida, shi kuwa ya juya. A tsakanin haka yana zama da masassaƙin garin suna haɗa gangar jikin garmar, da ƙafafunta biyu irin na keke, da karkiya huɗu. Gisla ce ta fara lura ɗamararsa na ƙara zagaye shi saboda rama. Ta ce, "Ɗan'uwa, kai me kake ci?" Ya ce yana ci a daji. Ƙarya yake yi, ɓawon itace yake tafasawa, da ƙasusuwan da aka yar.

Da sanyi ya kusa ƙarewa, nama ya ƙaurace wa kusa. Dole ya yi nisa, can kuma guguwar ƙanƙara ta tsare shi a wani kogo kwana da kwanaki. A gari tukwane suka bushe. A cikin kwanakin nan matar Folkar ta haihu, yunwa ta ƙafar mata da nono, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Folkar ya yi ta fita bakin gari yana duban daji, ba kowa. Ga san nan da ya riƙe a ɗaure a bayan ɗaki. Ni dai ban iya ɗora masa laifi duka ba, wanda bai taɓa jin kukan ɗansa na raguwa ba, shi ne zai yi saurin hukunci.

Da hantsi Hadumar ya shigo gari, barewa a kafaɗa. Tun daga nesa ya jiwo ƙanshin gasasshen nama. Da ya matso sai ya ga jini ja wur a kan farar ƙanƙara, ga kan sa a gefe. Ya sauke barewar a hankali. Mutane suka sunkuyar da kai, masu nama a hannu suka rasa inda za su sa shi.

Folkar ya fito, ya ce, "Maharbi, Allah ya sani na jira ka. Nono ya ƙafe. Na jira ka."

"Jaririn na da rai?"

"Yana da rai."

"To, a ba uwar romo da zafinsa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya je bayan gari inda sabuwar garmar take jingine, ya zauna kusa da ita ya yi kuka, kukan da bai yi ba tun ranar da aka tsince shi a kufai. Baƙin ciki ya cika shi, ga tsoro, domin ya ga garin nan ya sa ƙafa a hanyar da garinsu ya bi.

Ƙanƙara ta narke, kogi ya buɗe. Hadumar ya koro shanu bakwai daga daji, sun yi ƙiba suna sheƙi, mutane suna ta mamaki. A ƙasar nan lokacin shuka gajere ne. In ba a juya yumɓu yana da danshi ba, sai ya bushe ya yi tauri, shekara ta wuce. Irin sha'ir da na wake da ya rage musu kuwa, shi ne na ƙarshe, in ya ruɓe babu wani. Gari duka ya fito bakin gona. Aka jera shanu shida, Folkar ya kama garma, aka yi musu tsawa. Haƙoran suka nutse, suka ɗan matsa, suka cije. Shanun suka yi nishi har na gaba suka durƙusa. Aka ƙara na bakwai, ɗan baƙin san Gisla, shi kaɗai a karkiyar gaba. Karkiya ta karkace, ta goge masa wuya, ayarin ya murɗe gefe. Aka sake, aka kuma sakewa. Garma na nan inda take.

Mata suka fara kuka ƙasa ƙasa. Wani ya ce a ɗaure kaya a koma kudu, wani ya ce a koma a ci me. Gisla ta dubi gurbin da babu kowa kusa da santa, ta ce, "Wayyo, ina za mu samo na takwas?"

"Ga ni," in ji Hadumar.

Ya cire baka da kwari ya miƙa mata. Ya tuɓe bargonsa ya naɗe a kafaɗa, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin karkiya, kafaɗa da kafaɗa da baƙin sa. Folkar ya ce, "Haba maharbi, mutum ne kai! Dube ka fa, ƙashi da fata." Hadumar bai waiwayo ba. Ya ce, "Riƙe garmarka, mai gari. Juya ayarin nan aiki ne, kada ka juya sai na ce."

Aka yi wa shanu tsawa. Karkiya ta daidaita. An ce a daidai lokacin babban bajimin nan ya fito gefen daji ya yi wani kuka da ya girgiza itatuwa, shanun gida suka amsa, suka zabura gaba ɗaya. Garma ta yi ƙara, ta tafi. Ƙasa ta tsage, ta tashi, ta kife gefe, baƙa ƙirin tana maiƙo, ruwan da ke kwance ya gangara kwarin kunya ya bi. Mutane suka bi bayanta da gudu suna ihu, tsofaffi na dumbuzar ƙasar suna shinshinawa. Hadumar na gaba, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ƙafafunsa na nutsewa cikin laka yana zaro su. Aka wuce iyakar gonar Folkar. Aka ratsa ta maƙwabcinsa, aka ratsa ta Gisla, iyakokin nan da kowa ke tsaro garma ta bi ta kansu ba ta san da su ba. Folkar na jira a ce ya juya, ba a ce ba. Ya ga jini na ɗiga a kan kunya, ya yi kira, ba a amsa ba. Sai da suka kusa bakin daji, gwiwoyin maharbin suka lanƙwashe, ya kife.

Suka zare shi daga karkiya suka kwantar a kan sabuwar huɗa. Gisla ta tallafi kansa. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ta juye?"

"Ta juye, ɗan'uwa. Tun daga bakin gari har nan."

"Kashi ɗayan nan na daji, kada ku ci amanarsa." Ya numfasa. "To me kuke tsaye yi? Ƙasa na bushewa."

Daga nan rai ya yi halinsa. Bajimin da ke gefen daji ya juya ya shige, daga ranar ba a sake ganin san dawa a yankin ba, ruwan ɗumin nan ma an neme shi an rasa.

Jama'a suka tsaya cirko cirko, ga gawa, ga shanu bakwai na huci, ga kunya ɗaya tak a faɗin fili. Gisla ta share hawaye, ta dubi gurbin, ta sake tambaya, wannan karon da ƙarfi, ina na takwas. Folkar ya cire hularsa ta shugabanci ya ajiye a ƙasa. Ya ɗauki bargon Hadumar da jininsa, ya naɗa a kafaɗa, ya ce, "Ga ni." Gisla ta kama garma. In Folkar ya gaji wani ya karɓa, in wannan ya faɗi wani ya shiga, har aka huɗe filin duka. Ba wanda ya sake jan tsawon kunya guda shi kaɗai, sai an yi canji a hanya. A inda maharbin ya faɗi suka binne shi, nan ne kuma ayari ke juyawa.

Shekarar nan sha'ir ya yi har rumbuna suka kasa. Da fatake suka hauro da kaka, madugu ya tambayi mai fatu, aka nuna masa kabari. Ya koma da jirgi cike da hatsi, ya bar musu shanu da gishiri da ƙarfe. Da shekara ta zagayo jirage suka ƙaru, aka kafa rumfuna a bakin kogi, maƙera suka zo, masaƙa suka zo, aka gina injin niƙa mai aiki da ruwa. Wurin da aka yi cinikin haƙoran garma ya zama kasuwar hatsi da ake zuwa daga nesa. Garin kuwa aka sa masa suna da harshensu, abin da ake nufi shi ne Kunyar Hadumar, wato kunyar gonar da ya ja.

Gonakinsu ba su sake zama murabba'i ba. Dogaye ne sirara, na wannan gida kusa da na wancan, domin garma ɗaya ce ke bi ta kan na kowa, shanun kowa kuma na cikinta. Tsawon kowace gona, daga inda maharbin ya sunkuya zuwa inda ya faɗi ne, da shi ake auna ƙasa a duk yankin. Filin gari kuma kashi uku ne: ɗaya alkama da ake shukawa kafin sanyi, ɗaya sha'ir da wake bayan sanyi, ɗaya a bar shi saura dabbobi su yi kiwo, kowace shekara a juya. An ce jikokinsu sun taɓa yin kwaɗayi suka nome duka ukun. Kai, ɗan Adam! Ƙasa ta rame musu shekara a kan shekara, sai da suka mayar wa daji rabonsa ta dawo.

Masu ba da labarin sun ce garin ya bunƙasa, shanunsa sun fi a ƙirga, amma ranar fara huɗa ba a fito da takwas. Bakwai ake jerawa, a bar gurbi ɗaya a karkiyar gaba. Mai garin wannan zamani zai zo cikin tufafinsa na alfarma, komai dukiyarsa, komai girman tumbinsa, ya tsaya a cikin jama'a. Ba kiɗa, ba dariya. Sai macen da ta fi kowa tsufa a garin ta dafa sanda ta fito, ta bi shanun tana taɓa wuyan kowane, har ta iso gurbin da babu kowa. Ta juyo ta dubi mutane ta ce, "Ina na takwas?"

Mai gari ya cire hula, ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Ga ni."